Malam Ɗantani Ya Je Tsaron Jarrabawa

Malam Ɗantani yana koyar da aji bakwai a sabon ƙauyen da aka tsugunar da mutanensu bayan ruwan madatsar Tiga ya cinye gonakinsu. A ajinsa na shekarar 1976 akwai Hajara, 'yar wani masunci, wadda babu mai kama ƙafarta a lissafi. Shi ya yi ta zarya gidansu har ubanta ya yarda ta zauna jarrabawar shiga sakandare.

A shekarar ce ofishin ilimi ya tara malamai, aka ce daga yanzu baƙo ne zai tsare jarrabawa, ban da malamin makarantar. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Malam Lawal, hedimastan wata makaranta a wajen Kiru.

"Malami ba zai ga ɗalibinsa yana faɗuwa ya yi shiru ba," in ji shi. "Dole ya taimaka."

Ɗantani ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mu muka san yaranmu. Mun san mai ƙoƙari, mun san mai leƙe. Baƙo ina zai sani?"

Aka yi masa dariya, ya zauna.

Lawal ɗin aka turo musu. Ranar jarrabawa Ɗantani yana zaune a gindin ɗorawa, don an hana shi matsawa kusa da aji. Hajara ta riga kowa gamawa. Lawal ya ɗauki takardarta, ya duba, ya dube ta.

"Wa ya ba ki amsa?"

"Babu kowa, Malam."

"Ke da ƙarnin kifi bai bar hannunki ba? Malaminku ya karanta muku tun jiya, ko?"

Ya yaga takardar a gaban yara. Daga gindin ɗorawa Ɗantani ya jiyo kukanta. Ya kai ƙara ofis, aka ce maganar mai tsaro ita ce magana. Kafin kaka Hajara ta koma taya uwarta suyar kifi a Kwanar Dangora. Duk ranar da ya bi ta can sai ta durƙusa ta gaishe shi, shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita.

Da shekara ta zagayo ya hau kekensa ya je ofis, ya roƙi a tura shi tsaro makarantar Lawal. Ya riga ya bincika, ya san ɗan Lawal na fari, Atiku, zai zauna jarrabawar a bana.

Lawal ya tarbe shi yana ta yaƙe, ya sa aka kawo fura da soyayyiyar kaza.

"Malam Ɗantani, abin bara ai aiki ne."

"Haba, ranka ya daɗe, ya wuce," in ji Ɗantani. Ya ci kazar har ƙashi.

Aka raba tambayoyi. Ɗantani ya ja kujera bakin ƙofa, ya sauke hula kan idonsa, ya fara gyangyaɗi na ƙarya. Kafin nan ya roƙi ɗan sandan da ya rako tambayoyin ya fake bayan aji, kusa da taga, wai ya fi inuwa.

Can sai ga Lawal da buta, wai ya kawo wa yara ruwa. Ya raɓa ta gefen Ɗantani a hankali. Ya tsaya kan Atiku, ya sunkuya, ya ɗora yatsa a takardar yana raɗa. Ɗantani ya ƙyale shi ya yi nisa, sai da yaron ya goge ya sake rubutawa, sannan ya ɗaga hula.

"Yallaɓai, ka gani?"

"Na gani," in ji ɗan sandan daga taga.

Butar ta suɓuce wa Lawal. Ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah, Ɗantani, mu fita waje mu yi magana."

"A nan za mu yi ta. Gaskiyarka a taro, ranka ya daɗe, malami ba ya iya shiru." Ya zare takardar Atiku ya miƙa wa Lawal. "Kai ka iya. Yaga."

Malaman makarantar sun cika taga, yara sun ajiye fensir. Lawal ya dubi ɗansa, ya yaga. Atiku ya kifa kai a tebur yana kuka. Ɗantani ya koma kujerarsa ya ce, "Ku ci gaba, lokaci na tafiya."

An sauke Lawal daga hedimasta, an mayar da shi koyar da aji biyu. Amma yana da mutane a ofis, kafin ƙarshen zango aka jefa Ɗantani wani ƙauye can bayan Doguwa, inda mota ba ta shiga da damina.

Ranar tashi, matarsa Luba tana miƙa masa tukwane yana ɗaurewa a bayan akori-kura, ta ce, "Malam, shi yaron fa, me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba."

"To, ka huce?"

Ya ja igiya ya ƙulle. "Da saura," ya ce. "Miƙo tabarmar."