Sunan da Habi Ba Ta Faɗi

Shekara ta biyu ke nan damina tana yi wa Gobir rowa. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya bushe a tsaye. Mazan rugar su Habi, can bayan Turba, sun kora abin da ya rage na shanu sun yi kudu, har da mijinta Yero, kuma wata bakwai babu ko saƙon gaisuwa. Aka bar tsohuwa da awaki huɗu da bukka biyu. Ana cikin haka ɗiyarta ta fari, Safiyatu, ta iso da ƙafa daga wajen Gangara inda take aure, leɓe a fashe.

Mijin, Labbo, shanunsa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, sai ya juya sandar kiwon a kan matarsa. To ita ta hana ruwa sauka? Kowa ya yi asara a shekarun nan, amma ba kowa ya zama abin da Labbo ya zama ba.

Kwana uku da zuwanta ya biyo ta. Da hantsi ne, Habi tana bakin bukka tana tsince ganyen tafasa. Da ta hango shi sai ta yi abin da uwarta da kakarta suka koya mata, ta shige ɗaki ta saki asabari, don ba a haɗa ido da suruki. Ta tsakanin karan asabarin ta ga komai. Ta ga ya ɗaga sanda, ta ga yarinyar ta tare da hannun hagu, ta ji ƙarar ƙashin. Wallahi ƙafarta ta motsa, amma ba ta fito ba, sai da ya gaji don kansa ya tafi yana cewa zai dawo da igiya.

Kunya biyu ce ta haɗu wa Habi, ta suruki da ta ɗiyar fari. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kiran sunan Safiyatu ba, ba ta taɓa yabonta ko tsaya mata gaban mutane ba. In za ta yi zancenta sai ta ce “waccan”. Labbo kuwa “mutumin Gangara” ne. Da wannan aka san Habi a rugage, ana kawo ta misali in ana yi wa yara mata faɗa.

Safiyatu ce da kanta ta ce za ta kai ƙara. Bayan maɗori ya ɗaure mata hannun da kara da tsumma suka kama hanyar garin Isa. Nan fa aka fara yawo da su. ’Yan sanda suka ce a kawo takardar likita. Aka kawo, suka ce dukan da aka yi a Gangara na Sabon Birni ne, sai a je can, karayar hannu ce kawai tasu. A ƙofar kotu wani dattijon masinja, Ibrahima, ya ga sun zauna jugum tun safe ba su san ƙofar da za su shiga ba, ya matso ya warware musu.

“Ku ji, maganarku biyu ce. Akwai laifin rauni, wanga ’yan sanda ka kawo shi, yana iya kai wata damina ba a gama ba. Akwai kuma tsakani, alƙali shi ba da takarda, shi hana mutum taka inda kike, in ya taka a kama shi. Wace kike so?”

“Ta biyun, Baba,” in ji Safiyatu. “Ni dai kar shi sake shigo muna.”

“To ki yi da gaske, don mijinki ma ya shigar da tashi. Ya ce a maida mai matarshi.”

Sau huɗu suna zuwa. Ran farko sammaci bai kai ga Labbo ba. Ran na biyu ya aiko wai zazzaɓi. Ran na uku shari’un gona da na ɓarnar dabbobi suka cinye yinin, don a shekarar kowa da kowa rigima yake kan ɗan abin da ya rage. Kowane zuwa sai an fito tun sanyin safiya, a yini kan dakali da ɗan ƙullin gari, a koma da ƙafa kumbure, a tarar da awaki suna kuka. Habi ta gaji. Ta gaji har cikin ƙashinta, ba ta kuma da wanda za ta gaya wa.

A zuwa na huɗu aka kira su. Labbo ya tsaya da wankakkiyar riga, ya sunkuyar da kai, ya yi magana a hankali kamar bai taɓa kashe ko sauro ba. Ya ce matarsa ta hau gawo ne tana sarar wa awaki ganye ta faɗo. Kai, Labbo! Kuma ƙaryar ta zauna, don a shekarar mata nawa suka faɗo daga itace? Takardar likita ta ce hannu ya karye, ba ta ce wa ya karya ba.

Alƙali ya tambayi Safiyatu ko tana da shaida. Ta ce rugar ba kowa, sai mahaifiyarta. Aka ce Habi ta matso.

“Inna, mi kika gani?”

Habi ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa Labbo baya. Ga maza cike da ɗaki, ga suruki taku uku daga inda take.

“Allah shi gafarta malam, ina ɗaki.”

“Kina ɗaki, ba ki ga komi ba?”

Ta yi shiru. Ya sake tambaya, ta sake yin shiru. Alƙalin ya san irin shirun nan, ba yau ya fara zama da mutanen ruga ba, amma ba a rubuta shiru a takarda. Ya ajiye alƙalami ya ce su dawo Litinin. In shaida ba ta yi magana ba, ba shi da abin da zai riƙe ya hana mutum matarsa.

Suka kama hanyar komawa har suka wuce busasshen rafi. Can Safiyatu ta tsaya a inuwar wata aduwa.

“Inna, ban ce ki nuna ni taki ce ba. Ban taɓa roƙonki wanga ba. Ki faɗi abin da idonki ya gani, kamar wata baƙuwa anka buga gabanki.”

“Ke, rufa mini asiri. In buɗe baki kan suruki? Da wane ido za ni duba mutane?”

“To shi ke nan. Ran Litinin sai in bi shi. In anka aiko miki, kar ki ce ba ki sani ba.”

Ba da fushi ta faɗa ba, wannan ne ya fi yi wa Habi ciwo. Da ta yi kuka ko ta yi rashin kunya, da an san abin yi da ita. Kwanakin da suka rage Habi ta yi su tana kallon yarinyar tana ƙoƙarin ɗaura zane da hannu ɗaya, tana riƙe bakin da haƙori. Ba ta taimaka mata ba, don ba ta saba ba. Amma tafasar ma ta kasa ci.

Ran Litinin Labbo ya zo da jaki, ya ɗaure a gindin bishiyar dalbejiya a ƙofar kotu. Na ɗaukar matarsa ne, bai ko ɓoye ba. Habi ta daɗe tana kallon jakin nan kafin Ibrahima ya kira su ciki.

“Inna, yau ma kina ɗaki?” in ji alƙali.

“Ina ɗaki, Allah shi gafarta malam. Amma asabari na da ido.”

“To mi kika gani?”

“Na ga mutumin Gangara ya ɗaga sanda ya buga ma waccan.”

“Inna, mutanen Gangara suna da yawa, kuma ba a rubuta waccan. Wa ya buga, wa anka buga? Faɗi suna.”

Ta ji kamar an tuɓe mata zane a tsakiyar kasuwa. Wani daga baya ya yi ’yar dariya, masinja ya daka masa tsawa. Sai Habi ta sauke mayafin, ta juyo, ta dubi surukinta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka kai masa amarya.

“Labbo,” ta ce. “Labbo ɗan Illo. Shi ya buga ma Safiyatu. Safiyatu ɗiyata ce, ni na haife ta. Sau biyar ya buga, na biyun ya karya hannun. Ni kuma ina tsaye bayan asabari ban fito ba. Wanga ma a rubuta.”

Labbo ya fara rantse-rantse, alƙali ya ce ya yi shiru. Aka yi tambayoyi, aka yi rubutu mai tsawo. A ƙarshe aka yi musu tsakani: kada Labbo ya taka rugar Yero, kada ya tare ta a rijiya ko a kasuwa, har a gama shari’ar rauni. Maganar mayar masa da mata kuwa aka jingine ta. Aka sa Safiyatu ta dangwala yatsa, aka miƙa mata takarda, aka ce su dawo bayan sati uku don ɗaya shari’ar.

Sati uku, a sake tako wannan hanya. Habi ta fito ta zube kan dakali. Ta san kafin kasuwar Isa ta sake ci labari ya gama rugage, an ce matar Yero ta zubar da kunya gaban alƙali. Ba ta ji daɗi ba, ba ta kuma yi nadama ba, gajiya kawai take ji.

Safiyatu ta zauna kusa da ita, takardar a cinya. Can ta ce, a hankali, ba tare da ta dube ta ba:

“Inna, sake faɗi in ji.”

“Sau ɗaya anka tambaye ni.”

Ba ta sake faɗa ba. Amma ta sauko daga dakalin ta durƙusa a ƙasa, nan gaban masu jiran shari’a, ta kamo karyayyen hannun. Tsumman ya saki tun safe, karan sun goce. Ta kwance shi, ta jera karan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure da kyau, tana tambaya ko ya matse.