Tsuntsun Don Abelardo

Jama'ata, barkanku da war haka! Ku ajiye abin da kuke yi, yau labarin abokina Yeison na kawo muku, wanda neman hoto ya kusa raba shi da aure.

Yeison na kwance rub-da-ciki a taɓo, can saman dajin Monteverde, gajimare na ratsa bishiyoyi yana jiƙa masa ƙeya. Ko a jikinsa. Gaban kyamararsa wasu ƙwari ne guda biyu, baƙaƙe masu ɗigon ja, irin buzuzun nan da ke binne mushe. Sun samu gawar ɗan tsuntsun da ya ajiye musu jiya, suna ta zare ƙasa daga ƙarƙashinta, tana nitsewa a hankali. Tun bara yake farautar wannan hoton.

Sai waya. Marisela ce, budurwarsa, 'yar mai gidan abincin bakin dajin.

"Yeison, kai ka buɗe mana firji jiya?"

"Ni ne mana. Ba nan muke tara tsuntsayen da suka yi karo da gilashi ba? Guda na ɗauka."

"Wanne?"

"Wani mai ruwan toka, a naɗe cikin hankici. Har na ce wane ɗan gata ne aka yi wa likkafani."

Sai ta ƙwala ihu.

"Na shiga uku! Tsuntsun Baba ne! Shekaranjiya ya mutu a keji, ya adana shi zai binne kusa da kabarin Mama ran Lahadi!"

Duk garin an san tsuntsun nan. Marigayiya Ofelia, maman Marisela, ce ta rene shi, kuma tun rasuwarta mijinta Don Abelardo ba ya iya shan kofin safe sai yana jin kukansa. Ga shi Lahadin nan ce Yeison zai je neman auren 'yarsa.

"Bari in tono shi, in ɗan wanke..."

"Ka wanke me? Ya gane kai ne, ya hawo tun ɗazu da adda a hannu!"

Mutumina ya dubi tsuntsun. Kai ya shige ƙasa, gashin ƙirji ya zube, ga wari. Ya kai hannu, ya janye. Yana cikin haka sai ga takalman roba dab da fuskarsa.

"Baba, ina kwana. Na rantse ban..."

"Rufe min baki, ɗan banza."

Tsohon ya durƙusa da ƙyar, baki a sake.

"Me suke yi masa?"

"Binne shi suke, Baba. Mata da miji ne. In sun gama za su yi ƙwai a wurin, su riƙa ciyar da 'ya'yansu baki da baki."

"Da tsuntsun matata?"

"Eh... Baba."

Adda ta motsa. Yeison ya shiga lalubo addu'o'in da rabonsa da su tun yana yaro. Amma tsohon kafe ta ya yi a ƙasa, ya cire hula. Ya daɗe yana kallon ƙwarin, ɗaya na turi, ɗaya na zagayawa.

"Wannan mai tsayawa tana duba aikin, ita ce macen ko?" ya ce a hankali. "Haka Ofelia take yi min."

Ya goge ido da bayan hannu.

"To me kake jira, sakarai? Ka ɓata min jana'iza kuma ka tashi ba hoto? Miƙo fitilarka in haska maka."

"Baba... maganar Lahadi fa?"

"Danna abinka tukuna. In hoton bai yi kyau ba, kada in ga ƙafarka a gidana."

Yeison ya kafa ido a kyamara. Ya shiga dannawa ba ƙaƙƙautawa.

To ku fa, da ku ne a kwance a taɓon nan, tonowa za ku yi kafin tsoho ya iso, ko wandonku za ku cika da iska?