Awa Huɗu da Rabi a Sama

"Ba zan ba da makullin ba, Baba."

Zulaihatu ta jingina bayanta da ƙofar ɗakin, hannunta damƙe cikin hijabi. A ciki Inna ke kwance, an yi mata wanka, an sa likkafani. Tun hantsi makara ke jingine a zaure.

Baba Audi, wan mahaifinta marigayi, ya dube ta sama da ƙasa. "Ke ɗiyar nan, gawa ake tsarewa? Abin da suka koya miki a jami'ar ke nan?"

"Abdulgafar yana cikin jirgi. Ƙarfe tara ya tashi daga Alƙahira, awa huɗu da rabi ne zuwa Kano. Inna ta ce kar a rufe ta bai ga fuskarta ba, na ce mata to."

Shekara huɗu ƙanen nata yana karatun likita a can. Jiya ya sami tikiti da ya ji ciwon ya yi tsanani. Jirginsa bai fi minti ashirin da tashi ba Inna ta cika, wayarsa a kashe.

"Ita Alƙahirar bayan Funtuwa take?" in ji Gwaggo Mairo, tana gyara mayafi.

"Ta fi kilomita dubu uku, Gwaggo."

"To shi na sama kin ƙirga. Na ƙasa fa, wa ya ƙirga miki?"

Zulaihatu ta san daga Kano zuwa garinsu Sheme bai kai kashi ɗaya cikin goma na waccan tafiyar ba, ta kuma san direbobi ba sa son hanyar Ƙanƙara in rana ta karkata, saboda 'yan bindiga.

Ƙarfe biyu da rabi wayarta ta yi ƙara. Abdulgafar ne.

"Yaya, na fito. Yaya jikin Inna?"

"Tana jiranka. Ɗauki shatar mota, kar ka tsaya ko'ina."

Bai sake tambaya ba.

Ta buɗe ɗakin ita kaɗai, ta jiƙa zannuwa ta rataya a taga, ta zauna tana yi wa Inna fifita. Zafi ya yi yawa. Daga waje tana jin tashin babura: mutanen Yankara da suka zo jana'iza sun tafi bayan azahar, na Ketare suka bi su da la'asar. Ba wanda zai yarda duhu ya iske shi a hanya.

Liman ya aiko sau biyu. A na uku Baba Audi ya zo da kansa.

"Maƙabarta bayan gari take. In wani abu ya sami mutane a can, a wuyanki."

"Na ji, Baba."

Amma ba ta matsa daga ƙofar ba.

Shida saura kwata Abdulgafar ya sauka a kan babur, don mai motar ya ajiye shi a Ƙanƙara ya juya. Ya durƙusa, ta buɗe masa fuskar Inna. Bai yi minti biyu ba aka ɗauke ta, ana sauri.

Zulaihatu ta leƙa ta zaure. Da safe maza sun cika layin har bakin titi, sun fi ɗari biyu. Yanzu ta ƙirga waɗanda suka tsaya bayan liman.

Mutum tara ne suka sallaci Inna. Baba Audi yana cikinsu, kuma tun ranar bai ƙara amsa gaisuwarta ba.