Kujerar Musaddiq

Motoci biyu ne suka tsaya wa Nu'uman a rai cikin duk waɗanda ke jere a filin Ɗantsoho, dillalin motoci da ke bakin hanyar Kano a Daura. Ɗaya fara ce, ƙirar Japan. Ɗaya baƙa ce, ƙirar Jamus, mai ƙasa-ƙasa da faffaɗan taya. Dukansu na hannu ne, kuma dukansu irin na manyan mutane, masu kujerun fata da sanyi kamar ɗakin randa.

Ba don ado ya zo sayen mota ba. Mahaifiyarsa, Inna Lami, hawan jini ya taɓa mata ido, likita ya ce a riƙa kai ta Katsina duk wata. Tun da babban ɗanta Musaddiq ya rasu a haɗarin mota tsakanin Daura da Kazaure ta hana a sake ajiye mota a gidansu na Sandamu. Da ƙyar ta yarda a wannan karon, kuma da sharaɗi.

"Auta," ta ce da shi da safen nan, "ka sayo wadda za ta kai ni ta dawo da ni. Ban aike ka neman mai gudu ba. Gudu ya riga ya karɓi nasa a gidan nan."

Ya ce ya ji. Ya ɗauki abokinsa Lawal bakanike a bayan babur suka taho.

Samarin yanzu ba sa tambayar ko mota za ta kai su gida. Abin da suke tambaya shi ne da wane irin sauri za ta isa Kano, kamar akwai wani abu da ke jiransu a can wanda ya fi kabari haƙuri. Nu'uman ba ya cikin marasa ji, amma shi ma saurayi ne. Yana sauraren bayanin farar, idonsa na kan baƙar.

"Wannan farar, Alhaji ƙarami, ka zuba mata mai ka manta da ita," in ji Ɗantsoho yana bubbuga bayanta. "Ko na galan ka ba ta a bakin hanya, sha za ta yi ta gode maka. Kayan gyaranta ko a Zango ka tsaya za ka samu."

"Baƙar fa, Baba?"

"Ah to. Wannan sai mai haƙuri da aljihu. Ba ta shan kowane mai, ba kowane bakanike take yarda ya taɓa ta ba. Amma in ka taka ta, kafin ka gama sallama da mutanen Daura kana gaisawa da na Kazaure."

Lawal ya yi dariya. "Sayi baƙar, don Allah. Ni ka yi wa alheri. Kullum kana garejina, 'ya'yana su ci nama."

"Kai ɗin? Ai ko murfin injinta ba ka san inda ake buɗewa ba," in ji Ɗantsoho.

"Wasa nake, Baba. Ai shi ya sa nake ce masa ya ɗauki farar. Tsohuwa za a riƙa kaiwa asibiti, ba tsere za a shiga ba."

Nu'uman ya san gaskiya Lawal ya faɗa. Ya zagaya farar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya saurari injinta yana aiki shiru kamar numfashin mai barci. Babu abin kushewa. Har ya buɗe baki zai ce a kawo takardunta, sai ya ce bari dai ya zauna a cikin baƙar sau ɗaya, ya ji yadda take. Musaddiq irinta yake da ita, sai dai tasa ruwan toka ce.

Rana ta take tsaka, fatar kujerar ta ɗau zafi. Ɗantsoho ya miƙa masa makulli, ya sunkuyo ta taga yana nuna masa wasu ƙananan maɓallai a jikin ƙofa.

"Danna na farkon nan ka ga aikin Bature. Tana riƙe zaman mai ita. 'Yar Kwatano ce, ba ta taɓa taka titin ƙasar nan ba, zaman Baturen ne a ciki har yanzu."

Nu'uman ya danna.

Kujerar ta yi wani ɗan gurnani, ta fara ja da baya a hankali. Ta ja, ta ja, har ƙafafunsa suka rabu da totur da birki, ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Majinginar ta kwanta kaɗan. Sitiyari ya sauko. Sannan madubin hannun dama ya juya da kansa, ya sunkuya, ya daina nuna hanya, ya koma kallon ƙasa daidai tayar baya.

"Baturen nan dogo ne!" in ji Ɗantsoho yana dariya.

Nu'uman bai yi dariya ba. Musaddiq ba dogo ba ne. Wani bajimi ne ya harbe shi a gwiwar dama a kasuwar Mai'aduwa tun yana yaro, gwiwar ta sandare ba ta lanƙwasuwa, don haka yake tura kujera har ƙarshe ya miƙe ƙafar. Madubin dama kuwa, ƙofar gidansu ta Sandamu ƙunci gare ta, ga kwata a gefenta. Musaddiq ya saita madubin yana kallon ƙasa don kada tayarsa ta faɗa. Sau nawa Nu'uman ya zauna a haka, ƙafafunsa na lilo, in yayansa ya ba shi makulli ya ce ya wanke masa mota? Duk zafin ranar nan sai ya ji bayansa ya yi sanyi, kamar ya jingina da wanda ya riga shi zama.

"Lawal," ya ce. "Ɗaga robar ƙofar nan."

Lawal ya dube shi, ya sa yatsa ya ɓanɓaro robar da ke zagaye da bakin ƙofa. A ƙarƙashinta, inda mai fenti bai kai hannunsa ba, ga siririn layi na ruwan toka.

A nan ƙasar, motar da aka mutu a cikinta ba ta kwana a ƙofar gida. Kawunsu ne ya sayar da ragowar ta Musaddiq kafin sadakar bakwai, ya ce a ɗauke ta ko ina ne, kada uwar ta ji labarinta. Ba wanda ya tambayi inda aka kai ta. Haka muke yi: mu kawar da abu daga idonmu, mu ɗauka ya bar duniya. Masu bugun ƙarfe a Kano suka miƙe ta, aka shafe ta da baƙi, ta bi hannu ta bi hannu har ta dawo inda ta fito.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Ɗantsoho. Ya cire hularsa ya mayar. "Wallahi, ɗana, a 'yar Kwatano aka sayar mini. Da na sani ba za ta sha ranar filin nan ba. Fito. Ɗauki farar ka tafi. Wannan gobe zan tura ta Damagaram, ba za ka sake ganinta ba."

"Wanda ya saye ta fa? Kujerar?"

"Ai ba wuya. Ya gyara ta daidai jikinsa, ya danne maɓallin, shi ke nan na da ya goge."

Wannan maganar ce ta yi ɓarnar. Tufafin Musaddiq an rabar da su, wayarsa ta farfashe a wajen haɗarin, ɗakinsa an mai da shi ma'ajiyar hatsi. Abin da ya rage na siffarsa a duniya yana cikin wannan kujerar, kuma wani baƙo zai share shi da yatsa ɗaya.

"Ita zan ɗauka," in ji Nu'uman.

"Ka haukace?" Lawal ya kama masa hannun riga. "Me Inna ta ce maka da safe?"

"Na ji abin da ta ce."

"To ka ji, kuma ka ƙi. Allah ya shirye ka."

Ba daidai ya yi ba. An aike shi neman motar da za ta ɗauki mai rai, ya ɗauko wadda ke ɗauke da matacce. Ya matso da kujerar da hannu, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa maɓallin, ya bar wa Lawal babur, ya kama hanya. Da titi ya miƙe, bai san lokacin da ƙafarsa ta nutse ba. Motar ba ta yi ƙara ba, ba ta girgiza ba, itatuwan bakin hanya ne kawai suka fara haɗewa da juna. Da ya dubi allurar gudu sai ya ɗage ƙafa. A nan ya gane yadda aka yi yayansa ya tafi: ba ta gaya wa mutum cewa gudu yake yi.

Bayan la'asar ya isa Sandamu. Inna Lami tana tsakar gida a kan tabarma tana tsintar wake da lalube. Tun kafin ya karyo kwanar layinsu ta ajiye faifan. Shekara da shekaru tana jin wannan injin kowace yamma a ƙofar gida. Ta miƙe, ta bi bango har zaure.

"Auta, kashe ta."

Ya kashe. Ta matso, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen mai ɗumi, ta shafa.

"Idona yana ganin baƙi," ta ce. "Fenti suka sake mata?"

Ya durƙusa ya gaya mata komai, da farar da ya bari, da kujerar. Yana jiran faɗa, bai samu ba.

Musaddiq ɗan fari ne. Inna Lami ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama su yi hira ba, ba ta taɓa shiga motarsa ba ko sau ɗaya. Kunya ce ta iyayenmu, kuma ta riƙe ta har aka binne shi.

"Buɗe mini," ta ce.

Ya zaunar da ita a mazaunin direba, ya kunna wuta, ya ɗora yatsanta a kan maɓallin. Kujerar ta tafi da ita baya a hankali, ta kwantar da ita. Madubin ya sunkuya. Ga ta a ciki, 'yar ƙarama, ƙafafunta ba su kai ko'ina ba.

"Haka yake zama?"

"Haka, Inna."

"Ƙafar ce," ta ce. Ta shafa gefen kujerar inda gwiwarsa ke sauka. "Ban taɓa tambayarsa ko tana masa ciwo ba. Kai nake ba man zafi ka kai masa."

Ta daɗe a haka. Da ta fito, sai ta miƙa hannu. Ya ba ta makullin, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

"A turo ta ciki. Ba za ta sake hawa titi ba, da kai ko da wani."

"Asibitin fa, Inna?"

"Motar haya ta ƙare ne a tasha?"

Farar motar wani mai sayar da hatsi daga Baure ya saye ta, ana ganinta tana kai da kawowa lafiya lau. Duk wata Nu'uman yana raka mahaifiyarsa Katsina a motar haya, ta matsu tsakanin fasinja da buhuna, ta dawo ƙafafunta a kumbure, kwana biyu ba ta iya tashi. Ba ta taɓa cewa laifinsa ne ba. Shi ya san na wane ne.

Baƙar tana nan ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, kaji na kwana a inuwarta. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Inna Lami takan kwance makullin ta ba shi ya tayar da injin don kada batir ya mutu. Sai ta tsaya a bakin ƙofar motar tana saurare, hannunta a miƙe tana jiran a mayar mata. Shi kuma yana zaune a ciki a kishingiɗe, ƙafarsa ba ta kai totur, madubin dama yana nuna masa ƙasa.