Hira Talatin da Biyu a Cikin Tabilet

Mubarika ta sake danne maɓallin kunnawa tare da na rage sauti, ta ƙirga goma a zuci. Tambarin kamfanin ya haska, siririn layin ya tafi rabi ya tsaya, fuskar tabilet ɗin ta yi baƙi. Karo na tara ke nan tun bayan sallar asuba.

A cikinta akwai hira talatin da biyu da ta naɗa da matan kasuwa masu hawan jini, aikinta na kammala karatun jinya. Wata biyu ta yi tana bin su rumfa-rumfa. Saura mako uku ta miƙa aikin.

Jiya da la'asar na'urar ta nemi a sabunta ta. Soket ɗaya ne mai aiki a ɗakin, can ƙasa kusa da ƙofa. Nan Mubarika ta jona ta, ta tafi wanka. Kakarta, Hajiya Barakatu, wadda ke sauraron karatun Alƙur'ani a tabilet ɗin tun da idonta ya raunana, ta zare wayar cajin, ta naɗe tabilet ɗin a mayafi, ta ɗora saman wadirob. Batirin ba ya riƙe minti biyar. Sabuntawar ta yanke a tsakiya.

"Kaka, na ce miki kar a taɓa."

"Kin ce. Amma Alƙur'ani a ƙasa, tare da takalma? Ba a gidan nan ba."

"Na'ura ce, ba littafi ba."

"To daga ina Malam yake karanta min Yasin? Daga cikin silifas ɗinki?"

Mubarika ta sa tabilet ɗin a jaka, ta hau trotro, motar haya, zuwa kasuwar Race Course, wurin Seini mai gyaran waya.

Seini ya juya ta gaba da baya. "Sista nas, wannan ai rana ɗaya aka raɗa muku suna."

"Ka duba dai, Masta. Hirarrakin aikin makarantata duk suna ciki."

Ya shiga ɓoyayyen shafin gyara zai share tarkacen da sabuntawar ta bari. Ta ce ta yi haka sau uku. Ya jona ta da kwamfutarsa, kwamfutar ta gan ta amma ta kasa buɗe komai. Ya nemi manhajar a intanet, ya tarar kamfanin ya daina kula da irinta tuntuni. Rana ta take. Hayaƙin manyan motoci yana shiga ƙarƙashin lemarsa, Mubarika tana tsaye, tana sauya ƙafa.

"Saura filashin, a goge komai a sa sabuwar manhaja," in ji shi. "Za ta tashi fes, amma kamar jaririya. Ba ta san kowa ba. Ba ki tura wani wuri ba?"

"Imel ɗina ya cika tun bara."

Ya rage murya. "Ki zauna a ɗaki ki cike amsoshin da kanki. Malamanku ba sa zuwa kasuwa tambaya."

Ta dube shi har sai da ya kawar da kai.

"Ban yi shekara huɗu ina bin trotron asuba don in ƙago wa mutane ciwo ba. Goge."

Minti ashirin aka yi. Tabilet ɗin ta kunna, ta gaishe ta da Turanci, ta tambaye ta sunanta.

Ba ta koma gida ba. Ta sayi littafin rubutu, ta shiga layin masu bandar kifi, ta tsaya gaban Mma Zuleha, wadda ta fara yi wa tambayoyi wata biyu baya.

"Ke kuma? Ba mun gama ba?"

"Maganar ta ɓace, Mma. Daga farko za mu ɗauko."

"Ina abin naki mai ɗaukar murya?"

"Yau biro ne."

Mma Zuleha ta kori ƙuda daga kan tire, ta janyo kujera da ƙafa. "To zauna. Ranar na ce miki kullum ina shan ƙwayar asibiti. Rabona da ita tun azumi."

"Me ya hana ki?"

"Fitsari take sa ni. Banɗaki yana can ƙarshen kasuwa, wa zai tsare min kifi? Kin ajiye min na'ura a baki, na ce likita zai ji muryata ya yi min faɗa."

"Sauran fa? Duk sun ce suna sha."

"Ai shawara muka yi, 'yata. Amsa ɗaya muka ba ki."

Mubarika ta dubi layin rumfunan har inda ya karya kwana. Saura mata talatin da ɗaya, ga bayanta yana ciwo. Ta zame takalmanta a ƙarƙashin tebur, ta buɗe shafin farko.

"Tun azumin bana, Mma, ko na bara?"