Daddawar Rahab a Gaban Alƙali

Rahab matar Sulemanu a wurin kakarta ta koyi daddawa, kuma a Ƙarfi ba mai musun cewa tata ta fi ta kowa. Ranar kasuwa takan loda kwandunanta a a-daidaita-sahu zuwa Malumfashi, ta zauna kusa da ƙawarta Shafa'atu mai sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa. Sun daɗe a rumfa ɗaya. In Shafa'atu ta tafi salla Rahab ce ke tsare mata kaya, ita kuma Shafa'atu ba a taɓa Kirsimeti shinkafa ta wuce gidanta ba.

A rumfar nan wani Alhaji Shitu ya same su. Ya fito daga wata doguwar mota, ya ɗauki dunƙule ɗaya ya shinshina, ya ce irin wadda yake nema ke nan. Wai Hausawan da ke zaune a Italiya sun gaji da miyar da ba ta da rai. Ya saye kwandunan duka. Da ya dawo, sai ga shi da 'yan takardun mannawa an buga sunan Rahab da lambar wayarta a jiki.

"Maman Atu, kin haura Turai ba ki taɓa shiga jirgi ba," in ji Shafa'atu, don haka take kiran Rahab.

Haka aka yi ta ciniki har damina ta zagayo. Wata safiya Rahab na wanke dafaffiyar kalwa a tsakar gida, sai ga jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun yi sallama. Aka kira Sulemanu daga gona, ya bar takin da yake sa wa masara ya rugo. Jami'an suka duba ɗaki da rumbu da tukwane, ba su sami komai ba sai kalwa. Sannan babbansu ya yi bayani. An kama kwalayen daddawa a filin jirgin saman Legas, an huda kowane dunƙule an cusa ƙullin hiroyin, wata hoda mai sa maye da ke halaka matasa. Sunan Rahab ne a jikin kwalayen.

"Sun zaci warin daddawa zai ruɗe karnukanmu," in ji jami'in. "Bai ruɗe su ba."

Rahab ta zauna a kan turmi. Can ta ɗago kai ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙamshi dai."

Jami'in ya kau da kai don kada ya yi dariya. Suka tafi da ita ofishinsu suka ji ta bakinta, kafin la'asar ta dawo gida. Amma makon nan bai yi mata daɗi ba, don ko coci ta je sai ta ga kamar ita ake kallo.

Bayan wani lokaci wata matashiyar lauya ta zo gidan. Barista Bushra ce, mai gabatar da ƙara ta gwamnatin tarayya, 'yar Bakori. Ta ƙi kujerar da aka ba ta, ta zauna a tabarma. Ta ce ba Alhaji Shitu kaɗai ba ne. Hodar daga Asiya take tasowa, ta bi ta Gabashin Afirka ta shigo, a sake naɗe ta a tura Turai, kuma an kama shi da mutanensa a Funtua da Kano da Legas.

"Mama, lauyansa zai ce ke kika cusa hodar, shi saye kawai ya yi. Ina so ki zo kotu ki faɗi abin da kika sani."

"'Yata, ni ko gaban mai unguwa ban taɓa tsayawa ba."

Sulemanu, wanda ba ya yawan magana, ya gyara murya. "Daddawa kika sayar, ba guba ba. Ki je. In kin yi shiru, sunanki ne zai kwana a jikin kwalin nan."

Ranar shari'a Shafa'atu ta rufe rumfa ta ce ƙafarta ƙafar Rahab. Ta ɗauro sabuwar atamfa, ta cika jaka da dafaffiyar gyaɗa, suka shiga motar Katsina su uku har da Sulemanu. Tun daga tasha take koya wa Rahab yadda ake magana da alƙali, ko da yake ita ma ba ta taɓa ganin alƙali ba sai a talabijin. Kafin su isa, rabin fasinjojin motar sun san labarin, har wani tsoho ya yi musu addu'a.

Babbar Kotun Tarayya ba ta kai yadda Rahab ta ɗauka ban tsoro ba. Ɗaki ne mai sanyi da kujerun katako. A gefe ɗaya ta hangi Alhaji Shitu tare da wasu mutum huɗu da ba ta sani ba, ya rame, bai ko ɗago ya dube ta ba. Aka ba ta Littafi Mai Tsarki ta rantse, aka tsayar da tafinta kusa da ita.

Bushra ta sa aka kawo kwali ɗaya aka buɗe. Daddawar ta yi watanni a rufe. Nan take ɗakin ya gauraye da wari, wani lauya ya zaro hankici, magatakarda ya fara tari. Alƙalin, wani dattijo mai farin tabarau, ya sa a buɗe tagogi, ya ce a ci gaba, shi da miyar kuka aka yaye shi.

"Mama, kin gane wannan?" in ji Bushra.

"Tawa ce. Wannan ƙullin ledar da ke ciki ne ban san shi ba."

Ta faɗi yadda yake zuwa, da yadda ake juye masa daga kwando zuwa buhu a tsakiyar kasuwa, a gaban kowa. Lauyan Alhaji Shitu ya tashi ya tambaye ta ko tana da shaidar cewa ba a gidanta aka yi kwalayen ba. Kafin ta buɗe baki Shafa'atu ta miƙe daga baya.

"Ni ce shaida. Ni nake riƙe bakin buhun."

Alƙali ya ce Hajiya ta zauna, in ana bukatarta za a kira ta. Aka kuwa kira ta bayan hutu, ta yi bayani har sai da tafinta ya roƙe ta ta riƙa numfasawa.

Shari'ar ta ja, don akwai shaidu daga banki da filin jirgi, da wasu da suka yi magana ta bidiyo daga Italiya. Sai da kaka ta yi, ana ɓarar masara a ƙofar gida, wayar Rahab ta yi ƙara. Bushra ce. An same su duka biyar da laifi, an yanke musu shekaru masu yawa, an ƙwace motoci da wani sito a Funtua. Alƙali kuma ya faɗa a hukuncinsa cewa matar Ƙarfi ba ta da hannu a ciki.

Rahab ta ajiye masarar da ke hannunta ta rangaɗa guɗa. Matan da ke taya ta aiki suka amsa tun ba su ji dalili ba. Sulemanu ya ce a kama zakaran nan mai yawan shiga rumbu, yau ranarsa ce.

Ranar Lahadi ta ba da shaidar godiya a coci, matan zumunta suka raka ta gida da waƙa. A kasuwa kuwa Shafa'atu ce ta ɗauki labarin. Duk wadda ta tsaya sayen kuka sai ta ji shi daga farko, kuma kowane mako sai ya ƙara tsawo. Har ya kai wai ita ta tsare Alhaji Shitu da ido ya sunkuyar da kai.

"Maman Atu, ba haka aka yi ba?"

"Kusan haka," in ji Rahab, tana ƙulla wa wata mata daddawa.