Sarƙar Hamid Ba Ta Yi Komai Ba

Kun gani. Kada wani ya ce mini yana gona ranar, ko yana kasuwar Suki. Mutum sama da talatin ne suka tsaya a bakin tur'a, magudanar ruwan gonakinmu, waɗanda ba su je ba kuma sun ji labari kafin azahar, suka ce Allah ya kyauta, suka ci gaba da kurɓar shayi. Ibtisam tana kwance a ƙasa kuka juya mata baya, kuka sa wa abin suna kunya. To zan maimaita muku yadda aka yi, tunda mantuwa ba ta yi muku wuya.

Ibtisam hannana ce, mai zana wa amare lalle. Ɗiyar yayar mahaifiyata ce, ta girme ni da shekara shida. A ƙauyukanmu na gabas da Suki, amaryar da ba Ibtisam ta yi wa zane ba sai a ce an yi mata bikin gaggawa. Da yatsu uku take aiki: babban yatsa, manuni da na tsakiya. Da su take matsa ledar lalle, layi ya fito siriri kamar zare, ta ja reshe daga wuyan hannu har gwiwar hannu ba ta ɗaga ba. Yatsun nan uku su ne sunanta a gari, su ne kuma abin da take ci.

Mijinta Hamid yana da jan babur, shi ke kai ta duk inda aka kira ta. Kun san abin da kuke yi wa baburanku da damina. Baƙar lakar ƙasar nan tana shiga murfin sarƙa ta daskare, taya ta ƙi juyawa. Saboda haka da ruwan farko kowa sai ya tura nasa wurin Usta Maliki makanike, ya kwance murfin, ya rataye shi a jikin dogon yaron da ke ƙofar shagonsa. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne damina ta wuce, hanya ta bushe ta tsattsage, babu wanda ke komawa. Kuna cewa sarƙa ta fi gudu in tana shan iska. Matanku kuwa a karkace suke zama, ƙafafu biyu a hagu, daidai gefen da sarƙar take, kowace da tob, mayafin nan mai tsawon da zai naɗe ta sau biyu har ya yi saura.

Ran Alhamis ɗin, da hantsi, ina tsakar gidansu ina jira mu tafi biki a ƙauyen da ke gaba da namu. Ibtisam ce za ta yi wa amarya lalle. Tana ɗaura jakar kayanta ta ce wa Hamid, da alkunyar da take kiransa da ita:

"Abu Rayan, damina ta wuce tun yaushe. Ka biya wurin Usta ya mayar da murfin nan."

"Bukra," in ji Hamid, wato gobe, yana goge madubi da gefen jallabiyarsa.

"Bukran nan taka ta kai wata biyu."

"Ke dai tattara tob ɗinki. Matan gari duka suna hawa, ke kaɗai janzir ya sani?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Janzir shi ne sarƙa a bakinmu na yau da kullum, kuma Hamid yana alfahari da nasa kamar shi ya ƙera shi.

Babura bakwai muka tashi, muka bi kan gaɓar tur'a. Ni ina bayan wana, su Ibtisam suna gabanmu. Hannunta na hagu yana rungume da jakar lalle a cinya. Iska ta kaɗa, wutsiyar tob ɗin ta zame daga ƙarƙashinta ta sauka. Na ga lokacin da sarƙa ta kama ta. Ibtisam ta ji an ja ta, ta yi abin da kowa zai yi, ta kai hannun dama don ta fizge mayafinta.

Taya ta naɗe tob ɗin gaba ɗaya, ta kwaɓe shi daga jikinta, ta cije ta tsaya. Babur ya kwanta. Hamid ya wuntsila cikin ciyawa ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Ibtisam ba ta tashi ba. Yatsunta uku suna tsakanin sarƙa da haƙoran ƙarfen tayar baya, tufa ta cushe ko'ina, taya ba ta juyawa gaba ba ta juyawa baya.

Ihun da ta yi ya tara mutanen gonaki. Maza suka sheƙo a guje, suka ga matar wani ba lulluɓi, kai a buɗe, damatsa a waje, sai suka tsaya cik suka juya suna kallon ruwan tur'a. Hajja Habiba, uwar Hamid, ta sauko daga babur ɗin da ya ɗauko ta. Abin da ta fara yi shi ne rufe wa surukarta gashi. Sannan ta sa mata suka kewaye ta, suka baza tob-tob ɗinsu suka yi labule. Daga wannan lokaci babu namijin da ya ga hannun nan sai Hamid, shi kuma sarƙa yake dubawa.

Ya ciro waya ya kira Usta Maliki. Na ji shi yana cewa a zo da filaya a buɗe maɓallin sarƙa.

Ana haka sai ga Baba Ladan magini a kan karo, amalanken jakinsa, ya ɗoro rodi zai kai wurin gini. A cikin kayansa akwai ƙaton almakashin da yake yanka rodi da shi. Da ya ji abin da ya faru sai ya ɗauko shi, ya matso da baya-baya, fuskarsa a karkace.

"Hamid, in yanke? Matsa guda ce, kalas, an gama."

"Tsaya, Baba Ladan. Janzir ɗin ga na asali ne. Tun da anka fara yaƙi ba a samun irinsa, sai na banza mai tsinkewa a hanya."

"Ya zol, bawan Allah, hannun mutum ne a ciki."

"Usta na tafe. Minti goma ya ce."

Baba Ladan ya dubi sauran mazan, babu wanda ya dube shi. Ya ce, "To. Babur naka, iyali naka." Ya mayar da almakashin kan karo, ya zauna a inuwarsa.

Ni ina cikin labule, kan Ibtisam yana bisa cinyata. Na ɗaga murya na ce, "Baba Ladan, don Allah ka yanke!"

"Ɗiyata, ba a yanka kayan mutum yana tsaye yana cewa a'a."

Almakashin yana taki biyar daga inda nake. Ban tashi na ɗauko ba. Na yi karatu a Sinja, na san abin da ke faruwa da naman da jini ya daina isa gare shi, amma na zauna ina shafa mata goshi ina jiran minti goma. Ina faɗa ne don kada ku ce na ware kaina.

Minti goma suka wuce, ashirin suka wuce. Hamid ya sake kira. Usta yana fatur, karin kumallo, an ce, yanzu zai wanke hannu. A bayan labule maza suka fara hira ƙasa-ƙasa. Wani ya ce tob ɗin matan yanzu ya yi tsawo da yawa. Wani ya ce shi matarsa takan cusa nata a ƙarƙashin cinya, shekara tara ko sau ɗaya. Wani ya tambayi Hamid ko tanki ya lotsa.

Ibtisam ta daina ihu. Ta ce a hankali, "Ruqaya, duba mini. Suna motsi?"

Na duba. Ba sa motsi. Sun kumbura, launinsu ya sauya har gindi.

"Hajja, yatsun sun fara baƙi," na ce.

Hajja Habiba ta leƙa. "Lalle ne. Yaushe kika taɓa ganin yatsun Ibtisam ba baƙi?"

"Lalle a kan farce yake tsayawa, Hajja. Wannan ya kai tafin hannu."

"Ke likita ce? Rufe mana baki."

Sai Ibtisam ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara takwas na aurensu. Ta kira shi da sunansa, da ƙarfi, yadda duk wanda ke bakin tur'a zai ji.

"Hamid! Hamid, ka yanke. Ba na jin su. Da su nake aiki, Hamid."

Mata suka ja numfashi. Hajja Habiba ta ce, "Ji mini yarinya! A gaban mutane?" Ta dafe mata baki da gefen mayafi. Daga waje Hamid ya amsa da muryar wanda aka kunyata: "Ki yi haƙuri mana. Ga ƙurar Usta can."

Ba ƙurar Usta ba ce, garken awaki ne. Usta Maliki ya iso bayan kusan awa guda, yana sakace. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Baba Ladan ya gini. Sannan ya ce mata su ɗaga labule daidai taya kawai, don kada idonsa ya kai inda bai kamata ba. Ya durƙusa, ya nemo maɓallin, ya sa filaya. Bai kai minti biyu ba sarƙa ta saki.

Ya zare ta, ya girgiza, ya ɗaga ta sama yana duba ta a rana, gaɓa bayan gaɓa.

"Mashallah. Ba ta yi komai ba, ya Hamid. Ka ga amfanin kaya na asali."

Na ji maza sun ce alhamdulillahi. Da kunnena na ji.

Usta ya yayyage ragowar tob ɗin daga taya, ya mayar da sarƙa, ya ɗiga mata mai. A kan wannan babur ɗin aka ɗora Ibtisam zuwa Sinja, da aron tob, hannunta naɗe a ɗankwalina, sarƙa tana juyawa tsirara a gefen ƙafarta. Kafin ya tayar, Hamid ya waiwaya ya ce, "Wannan karon ki tattara shi da kyau." Sauran suka wuce biki, don an riga an yanka rago.

Likitar da ta duba ta a asibiti ta daɗe tana juya hannun. Ta ce ƙashin manuni ya farfashe, wannan ba makawa. Sauran biyun kuwa matsewa ce ta kashe su. Ta tambaya, "Tsawon wane lokaci suka yi a ciki?"

"Kamar minti goma," in ji Hamid.

Likita ta dube shi, ta dube ni. Na faɗi gaskiya a lokacin, lokacin da ba ta da sauran amfani. Aka cire ukun duka.

Da ta dawo gida kun zo dubiya, ban ce ba ku zo ba. Maza kuka zauna a waje da Hamid kuna ce masa ma'alesh, ƙaddara ce, kuna zagaya babur kuna taɓa sarƙar da ta sha wannan wahala ba ta tsinke ba. Mata kuka shiga ɗaki kuna satar kallon bandeji, kuka fito kuna cewa ita ma dai ta cika son dogon tob, kuma kun ji yadda ta kira sunan miji.

Bayan wata biyu ta kira ni ta ce in ba ta hannuna. Ta riƙe ledar lalle da hagu. Ta ja layi, ya karkace. Ta goge ta sake, ya yi kauri kamar an shafa da tsinke. Tun la'asar har rana ta yi ja tana yi, gumi yana ɗiga daga haɓarta, a ƙarshe ta fitar da fure ɗaya da za a iya kira fure. Ta aika wa uwar wata amarya cewa ta warke, za ta iya zuwa. Aka dawo mata da amsa: an gode, amma an ɗauko wata daga Suki, kuma in za ta zo bikin ta rufe hannun, kada amarya ta gani gabanta ya faɗi.

Makon jiya na ga Hamid ya fito daga wurin Usta Maliki da murfin sarƙarsa a hammata. Wallahi na ji daɗi, na ce a raina ko yanzu ne. Da na shiga gidan washegari sai na tarar da murfin a tsakar gida, an kwantar da shi an tokare da duwatsu biyu. Kaji ake zuba wa tsaba a ciki. Ibtisam ce ke cika shi kowace safiya, da hannun hagu.

Jiya na tsaya a gindin dogon yaron na ƙirga. Murfi ashirin da shida ne a rataye, sun fara tsatsa, kowa ya san nasa. Ran Alhamis mai zuwa akwai biki, a kan gaɓar tur'ar nan za ku bi, da matanku da 'yan'uwanku mata a baya. Kai mai babur, ajiye kofin shayin nan ka tashi yanzu. Je ka sauke murfinka, noti biyu ne, ka tsaya a kan Usta har ya ɗaure su. Ke kuma da za a ɗauka, duba gefen ƙafarki kafin ki hau. In kin ga sarƙa a buɗe, kada ki hau, ki faɗi dalili da ƙarfi, ki kira shi da sunansa.